“Za Ta Saki In Ta Ɗau Zafi”: Sharhi Kan Birkin Da Ke Riƙewa Da Asuba

 

Duk wanda ya taɓa yin sammako zuwa tashar motar Daura a watan Disamba ko Janairu ya san abin da zan faɗa. Hazo ya lulluɓe gari, 'yan kamasho sun ƙudundune cikin rigunan sanyi suna kiran Kano, Katsina, Kwangwalam. Mota ta cika, an ɗaure kaya, direba ya yi bisimilla ya tayar, ya sa giya, ya saki kuloci. Inji ya yi gurnani, mota ta yunƙura, amma ta tsaya cak kamar an yi mata dabaibayi. Ya ƙara mata wuta, sai ka ji ƙas daga ƙafar baya, ta zabura. Wani dattijo a gidan gaba ya ce, “Direba, lafiya dai ko?” Shi kuma ya ce, “Lafiya ƙalau, Baba. Sanyi ne ya kama birkin. Za ta saki in ta ɗau zafi.”

A kan wannan magana nake so mu zauna yau. Na ji ta a bakin direbobin haya, na ji ta a bakin ma'aikata masu motocin kansu, na ji ta har a bakin wasu makanikai. Abin da ya sa nake tsoronta shi ne akwai gaskiya a cikinta, don sau da yawa motar tana sakin. Kafin a fita gari nauyin ya ragu, direba ya manta, fasinja ya manta. Gobe da asuba a maimaita, jibi ma haka, har ranar da za ta ƙi.

Ni na ga irin wannan ranar. Hunturun da ya wuce na shiga wata Golf zuwa Kano bayan sallar asuba. Tun daga tasha na lura motar na jan dama, direba na ta kokawa da sitiyari yana maido ta. Mun wuce Sandamu kenan sai wani ƙauri ya fara shigowa, irin na roba da ƙarfe in sun ƙone tare. Wata Hajiya a baya ta ce, “Ɗan nan, wani abu fa na ƙonewa.” Ya ce, “Hajiya, ciyawa ce ake ƙonawa a gona.” Ba mu kai Kazaure ba garken awaki ya tsallaka titi. Ya taka birki, feda ta nutse har ƙasa, mota kuwa ba ta rage gudun kirki ba. Allah Ya kiyaye, ya dinga dannawa yana sauke giya har muka samu muka tsaya a gefen hanya. Da muka fito, hayaƙi ke tashi daga ƙafar gaba ta dama.

Bari mu fara wanke sanyi daga laifin da ake ɗora masa. A ƙasashen da ƙanƙara ke zuba, irin su Rasha da Kanada da Jamus, birki yana daskarewa da gaske. Ruwa ya shiga kwanson wayar birkin hannu da rana, dare ya yi ma'aunin sanyi ya faɗa ƙasa da sifili, ruwan ya zama ƙanƙara, waya ta ƙi komawa. Mutumin can in ya ce sanyi ya kama masa birki, gaskiya ya faɗa. Mu kuwa sanyin da ke sa mu hura wuta a tsakar gida mu kewaye ta, da wuya ya sauka ƙasa da digiri 10, ruwa kuma ba ya daskarewa sai a sifili. Shi man birki, a digiri 40 ƙasa da sifili ake gwada kaurinsa, kuma sai ya gudana a wannan sanyin kafin a yarda ya cika ƙa'ida. To yaya hunturun Daura zai yi da shi? Lafiyayyen birki bai ma san ana sanyi a ƙasar nan ba. Abin da sanyinmu ke yi tonon asiri ne: ya tarar da birkin da ya riga ya gaji, ya ƙara masa ɗan abin da zai sa ciwon ya fito fili. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Ina tsagar take? Ba za mu gane ba sai mun san yadda birki ke saki. Kamawar kowa ya santa. Ka taka feda, masta ya tura mai cikin bututu, man ya tura fistin da ke cikin kalifa, fistin ya matse fad guda biyu a jikin faifan ƙarfen da ke juyawa tare da taya. Amma in ka ɗaga ƙafarka, me ke maido da fistin ɗin? Mutane da yawa suna zaton akwai sifirin a ciki. Babu. Wata 'yar roba ce kamar zobe da ta kewaye fistin, takan ɗan lanƙwashe idan ya fita, in an saki kuma ta miƙe ta jawo shi baya. Jawowar nan ba ta kai kaurin farce ba. Wannan 'yar tazarar kaɗai ce ta raba ƙafar da ke juyawa sakayau da ƙafar da ke cin wuta. Ita kuma kalifar a kan ƙusoshi biyu take zamewa, waɗanda makanikai ke ce wa fin, kowanne da giris ɗinsa da 'yar robar da ke rufe bakinsa.

Yanzu ku ɗora wannan a kan yanayin ƙasarmu. Roba ta yi shekara da shekaru tana shan zafin bazara, ta bushe, ta tsage. Damina ta zo, mota ta ratsa ruwa da taɓo a hanyoyin ƙauye, ruwa ya bi tsagar ya kwanta, tsatsa ta fara aiki. Hunturu ya biyo baya da ƙurarsa mai laushi kamar tankaɗaɗɗen gari, wadda ko akwati a kulle ba ta bari, ta shiga ta cuɗe da tsohon giris ta mai da shi yumɓu. Da rana yumɓun nan yana da ɗan taushi, fin yana motsi ko da ƙyar. Da asuba kuwa ya sandare, kamar yadda man gyaɗa ke yin barci a kwalba. Robar fistin ma, tunda ta tsufa, sanyi na ƙara mata tauri, ba ta iya jawo komai. Sai mota ta kama hanya, fad yana gugar faifai, guga ta haifi zafi, zafi ya narkar da giris ɗin, a ce ai ga shi ta saki. Da ƙona jikinta ta samu sakin nan.

Akwai kuma gadon da motocinmu suka zo da shi. Yawancin waɗanda ke jigilarmu, su Golf da Peugeot 406 da Sharan da muke ce wa Sharon, 'yan Beljiyam ne. Sun fara rayuwa a Turai, inda ake watsa gishiri a kan titi don ƙanƙara ta narke, gishiri kuwa ba abin da yake hanzartawa kamar tsatsa. Golf 3 da muke shiga kullum a 1991 aka fara ƙera ta, kafin shekarar 2000 an daina. Ku lissafa shekarun da kanku. Mai sayen mota yakan saurari inji, ya gwada giya, ya duba fenti, ya buga taya da ƙafa. Ban taɓa ganin wanda ya ce a kwance masa kalifa ya ga lafiyar fistin ba.

Ga inda gizo ke saƙar, a ganina. Ciwon na asuba ne, gareji kuma ba ya buɗewa sai hantsi. Ka kai mota ƙarfe goma, bayan ka yi lodi ɗaya ko ka sauke yara a makaranta, rana ta take, birki ya ɗumama. Makanike ya ɗaga, ya juya taya, ta juya. Ya ce, “Alhaji, ni ban ga komai ba.” Bai yi ƙarya ba, ciwon ne da mai maganin ba su haɗu ba. Daga nan sai a shiga canki-canka. A canja fad, bai yi ba, a canja masta, bai yi ba, kuɗi na tafiya, mai mota ya fara zargin makanike, makanike ya fara zargin mai sayar da kaya. Shawarar da zan bayar mai sauƙi ce: motar ta kwana a gareji, makanike ya same ta da sassafe kafin kowa ya motsa ta. In hakan ba zai yiwu ba, to mai motar shi ne kaɗai shaida, sai ya koyi yadda zai ɗauko bayani.

Ƙasar Daura shimfiɗaɗɗiya ce, ba a rasa wuri mai baje. Da safe, kafin ka taka komai, ka sa mota a firi, ka saki birkin hannu, ku tura ta kai da yaronka. Ƙaramar mota mai lafiya, mutum ɗaya ma yana gusa ta a kan kwalta. In ta ƙi, ka riƙe wannan. Sannan ka tayar, ka yi kilomita biyu ko uku a hanyar da babu cunkoso, ba gudu, kana rage taka birki iyakar yadda hanya ta ba ka dama. Ka tsaya, ka sauka, ka zagaya ƙafafun huɗu kana kai bayan hannunka kusa da rim. Kusa na ce, don Allah. Kada ka taɓa faifan, yana iya saɓule maka fata. Bambanci kake nema. In gaba ya ɗan fi baya ɗumi, haka abin yake, don gaba ne ke ɗaukar yawancin aikin tsayawa. Amma dama da hagu dole su zo ɗaya. Ƙafar da ta fi 'yar'uwarta zafi, ita ce mai maganar. Wasu makanikai yanzu suna da ɗan ma'aunin zafi da ake haskawa daga nesa, mai kama da wanda aka dinga auna mana goshi da shi a 2020, sai dai wannan na ƙarfe ne. Yana taimakawa ƙwarai, amma bayan hannu ma ya isa a fara.

Abin da za ka kai wa makanike kenan: wace ƙafa, guda nawa, kuma yaushe. Wannan “yaushe” ɗin ta fi komai nauyi. Da sanyi take riƙewa ta saki da zafi, ko da sanyi lafiya lau take sai tafiya ta yi nisa ta fara matsewa? Na biyun ciwo ne daban, kuma mutane na haɗa su. Birkin da ke tashi lafiya amma ya dinga ƙara nauyi a hanya har ƙafafu duka su ɗau zafi, yawanci daga masta ne. A cikin masta akwai wani ɗan rami kamar na allura, ta nan mai ke komawa cikin robar da ake zuba shi idan an saki feda. In datti ya toshe ramin, ko roba ta kumbura ta rufe shi, ko an ɗaure sandar feda ta yi tsawo, to mai in ya yi zafi ya ƙaru ba shi da wurin zuwa, sai ya matse fad. Ka danna feda da hannu ka ji. Ya kamata ta ɗan yi wasa kafin ta fara turawa. In ba wasa ko kaɗan, ka faɗa wa makanike.

In kuma ƙafafu biyu ne a gicciye, misali gaba ta hagu da baya ta dama, kada a yi saurin cewa kalifa biyu sun lalace rana ɗaya. Motoci da yawa masu jan gaba, har da Golf, haka aka raba musu bututun mai, domin in layi ɗaya ya fashe ɗayan ya tsayar da mota. Alamar tana nuna layi guda ne daga masta.

Yanzu gare ku 'yan'uwana makanikai, ku da yaran da kuke koya wa sana'a. Na san da yawanku sun san abin da zan faɗa, amma na ga ana tsallake shi saboda sauri. Gwaji ne da ba ya cin minti biyar, kuma ba ya buƙatar komai sai ƙaramar sufana. A sa weji, a ɗaga ƙafar, a tokare motar da abu mai ƙarfi, kada a dogara da jak shi kaɗai. Yaro ya taka birki sau huɗu ko biyar ya saki. A juya taya. In ta riƙe, a buɗe ɗan notin da ake cire iska da shi a jikin kalifa. Idan mai ya yi tsartuwa da ƙarfi, taya ta saki nan take, kalifa ba ta da laifi, man ne aka tura ya kasa komawa. Sai a ɗaure, a sake takawa, wannan karon a sassauta bututun ƙarfe a inda ya haɗu da tiyon roba daga sama. In taya ta saki, toshewar tana can wajen masta. In ba ta saki ba, tiyon ne.

Tiyon nan yana ruɗin mutane matuƙa. Daga waje sumul yake, ba ɗigo ba tsaga, amma cikinsa ya ɓare, ɓallin ya zama kamar ƙyauren da ke buɗewa gefe ɗaya. Ƙarfin ƙafar direba yana ture shi mai ya wuce, amma komowa, da ba ta da mai turawa, sai ta gagara ko ta ɗauki lokaci. Wani sa'in ma ƙarfen da ke riƙe tiyon ne tsatsa ta cika ta shaƙe shi. Kalifa nawa masu lafiya aka yar saboda laifin tiyo!

Idan kuwa an buɗe notin, mai ya ɗiga kawai, taya na nan a riƙe, to maganar ƙarfe ce: ko fin, ko fistin, ko fad ɗin ne tsatsa ta matse shi a gurbinsa. Fad kansa yana ba da labari ga mai lura. In guda ya cinye ɗan'uwansa na nan da kauri, ko ya ci a karkace kamar bakin gatari, a fara da fin. In duka biyun sun cinye alhali na ɗaya ƙafar suna nan, a duba fistin da tiyo.

Wajen gyaran ne ake yawan shuka ciwon baɗi. An ciro fin, an goge, sai a tsoma shi a baƙin mai ko a shafa masa giris na boris a mayar. Wani ya wanke fistin da robarsa a cikin fetur ko kananzir. Robar birki ba ta shiri da duk abin da ya fito daga ɗanyen mai. Tana shan sa ta kumbura, bayan 'yan makonni ta riƙe ƙarfen fiye da da. Fin yana da giris ɗinsa na musamman, na silikon, fistin kuma da man birki mai tsabta ake wanke shi a mayar. Fistin da tsatsa ta yi wa rami-rami kuwa samfefa ba ta warkar da shi, don rufin da ke kare shi ya riga ya tafi, zai sake tsatsa ya yanka sabuwar roba. A canja shi. Kuma abin da aka yi wa dama a yi wa hagu, shekarunsu ɗaya, ƙurar da suka sha ɗaya.

Mu koma ga ƙas ɗin nan na ƙafar baya. Motoci da yawa diram gare su a baya: kwanon ƙarfe ne, a cikinsa shu biyu da ke buɗewa su kama bango, sifirin kuma ya maido su. In an ja birkin hannu aka kwana, shu na manne da diram dare guda, in akwai laima a tsakaninsu tsatsa ta ɗinke su. Da damina wannan ba abin mamaki ba ne. Amma da hunturu, lokacin da iska ke bushewa har leɓe ya tsage ƙafa ta yi faso, daga ina laima ta zo? Daga wajen wanki. Ƙura ta sa muna wanke mota kusan kullum da yamma. Yaro ya sa tiyo ya feshe ƙafafu tas, a kawo ta gida da ke bayan layi, a ja birkin hannu, a kulle. Maganin ba ya cin ko sisi. Bayan wanki ka ɗan zagaya kana taka birki a hankali sau da yawa har ya bushe, kuma in wurin kwananta mai baje ne ka bar ta a giya ka sa weji. Ƙas ɗin da ke zuwa sau ɗaya bayan wanki ya wuce, kada ya hana ka barci.

Wanda ke zuwa kullum, an wanke ko ba a wanke ba, shi ne abin bincike. A saki birkin hannu a leƙa ƙarƙashi, a ga ko wayar ta koma ta yi sako-sako ko ta maƙale a kwansonta. A buɗe diram. Sifirin na iya gajiya. Man birki ko giris na iya zubowa a kan shu, shu ɗin da ya jiƙe kuwa cafka yake yi da safe. Mafi muni, fatar shu na iya ɓarewa daga ƙarfenta ta dinga yawo a cikin diram, ranar da ta gitta sai taya ta kulle a kan gudu. Ina roƙon yaran gareji abu ɗaya: in kun buɗe diram kada ku hure ƙurar da baki. Wasu tsofaffin shu da na araha suna ɗauke da asbesto, ƙurarsa tana lahanta huhu. Ku jiƙa tsumma ku goge.

To me ya sa fedar direbanmu ta nutse a hanyar Kazaure, alhali birkin riƙewa yake yi? Amsar tana cikin man. Man birki yana zuƙar ruwa daga iska a hankali. Sabon mai samfurin DOT 3, bisa ƙa'ida, ba ya tafasa ƙasa da digiri 205, DOT 4 kuma 230. Amma in ya sha ruwa kimanin kashi 3 zuwa 4 cikin 100, ƙa'idar tana sauka zuwa 140 da 155. Ƙafar da ke guga tun daga Daura ba ta da wuyar kai man da ke cikin kalifa wannan zafi. Mai ya tafasa ya zama tururi, tururi kuwa matsuwa yake yi, ba ya tura komai. Birkin da ya ƙi saki da asuba shi ne ya ƙi kamawa da hantsi. Ruwan nan kuma shi ke cin fistin daga ciki. Masu ƙera motoci da yawa sun ce a juye man gaba ɗaya duk shekara biyu. Mu ƙari muka sani. Ka buɗe robar man wata motar ka gan shi baƙi kamar shayin da ba madara. Ku sayi man da ke rufe da hatiminsa, kada ku karɓi na buɗaɗɗen galan. Masu zuba ruwa da garin sabulu in mai ya ƙare a hanya kuwa, su tuna ruwa a digiri 100 yake tafasa, kuma rayukan mutane suka ɗauko.

Ga wanda maganar haɗari ba ta motsa shi, ga ta aljihu. Tun da aka cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, kowane direba ya san zafin lita. Motar da birkinta ke riƙe kamar mai tafiya ne ana jan rigarsa ta baya, mai take sha fiye da ƙima a kowane lodi. Zafin kuma yana narkar da giris na boris, ya lanƙwasa faifai, ya gasa taya. Kuɗin robar fin da giris ba su kai na boris guda ba.

Manyan motoci nasu daban ne, kuma ya kamata a faɗa, tunda duk Lahadi suna cika kasuwar Mai'adua suna lodin dabbobi zuwa kudu. A birkin iska, sifirin ne ke kama ƙafa in an tsaya, iska ce ke sakinta. In akwai yoyo, iskar ta zurare cikin dare, da asuba ƙafafu na kulle har sai tanki ya cika. Direban da bai jira allurar ta hau ba, jan ƙafa yake yi, kuma motar da ke wayar gari ba iska kullum tana da yoyon da ya kamata a nemo. Ruwa ma yana taruwa a tankin iska. A Turai daskarewa yake, a nan tsatsa yake sa wa bawul. Aikin yaron mota ne ya zubar da shi kowace rana. Masu babur da Keke Napep kuma, galibi ɗan ƙarfen da ke juyawa ya buɗe shu ne ƙura ke cikawa, feda ta ƙi tasowa sai an ɗago ta da ƙafa. A ciro shi, a goge, a shafa giris kaɗan, a kula kada ya taɓa shu.

Wani abu na ci mini tuwo a ƙwarya. Garin Daura yana da Jami'ar Sufuri ta Tarayya, wadda marigayi shugaban ƙasa Muhammadu Buhari ya aza harsashinta a Disamban 2019, ga kuma kwalejin fasaha ta tarayya. Ina fatan wata rana su zauna da ƙungiyar makanikai ta NATA da ta direbobi, a shirya horo na kwana biyu da Hausa kafin shigowar hunturu, a kan birki kawai. Jami'an hukumar kiyaye haɗurra suna iya ganin taya da fitila a bakin hanya, amma ba mai ganin cikin kalifa daga nan. Shugabannin tasha kuwa suna iya sa ido, motar da ta ƙi turuwa da asuba kada a ba ta layi.

Mu a ranar nan ta hanyar Kazaure mun fi awa guda a gefen titi. Direba ya ɗauko ledar ruwa zai watsa wa faifan, wani fasinja ya riƙe hannunsa, kuma ya yi daidai, don ruwan sanyi a kan ƙarfe mai wannan zafi lanƙwasa shi yake ko ya tsaga shi. Aka tari mai babur ya ɗauko wani makanike, matashi, da 'yan sufanunsa a buhu. Direba ya ce masa, “Kashe ƙafar kawai mu ƙarasa Kano.” Nufinsa a daddatse bututun man a toshe, mota ta tafi da birki uku, abin da ake yi a hanyoyinmu fiye da yadda fasinja suka sani. Yaron ya ce, “Oga, ba na kashe ƙafar gaba da rayuka bakwai a mota.” Ya ɗaga, ya buɗe notin iska, mai ya ɗiga kawai, baƙi ƙirin, taya na nan a riƙe. Ya kwance kalifa. Fin ɗaya ya fito da hannu, ɗayan sai da guduma, ja wur da tsatsa, ba ko ɓurɓushin roba a bakinsa. Fad na ciki ya cinye har ƙarfe. Ya tambayi direba tun yaushe take yi. Ya ce mako uku kenan, tun shigowar sanyi.

Hajiya dai ba ta koma motar ba, ta tari wata. Mu da muka jira aka sayo fad da robar fin da sabon mai daga Kazaure, aka cire iska, ƙarfe ɗaya na rana muka shiga Kano.